Daren Alhamis a zauren gardamar Oxford

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin Ingila ne, yatsuna har sun ƙage. Yau Alhamis, daren muhawara, ga ni a layi a titin St Michael's, bakin ƙofar Oxford Union.

Wasunku sun tambaye ni ko irin ƙungiyar ɗalibai ce ta jami'o'inmu na gida. A'a. Wannan ba ruwanta da ƙarin kuɗin makaranta ko rashin ruwa a ɗakunan kwana. Kulob ne na gardama zalla, tun 1823 ake yi, kuma gashin kansa yake ci, ba ya ƙarƙashin hukumar jami'a. Ɗalibai ne ke zaɓen shugaba, ya yi zango ɗaya ya sauka. Gladstone ya hau kujerar, Edward Heath ya hau, Boris Johnson ma haka, dukansu kuma sun zo sun zama firaministan Birtaniya. Mata kuwa sai 1963 aka yarda su zama cikakkun mambobi, amma a 1977 Benazir Bhutto ta Pakistan ta zama shugaba.

In ka shiga ciki, benci ne ke fuskantar benci kamar majalisar dokokinsu ta Landan. Masu jawabi sun sha baƙar kwat kamar angwaye. Kana so ka katse mutum? Sai ka miƙe tsaye, in ya ga dama ya saurare ka, in bai ga dama ba ya ce ka zauna, kuma dole ka zauna.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙuri'ar. Ba takarda, ba ɗaga hannu. Hanyar fita an raba ta biyu, gefe ɗaya an rubuta Ayes, wato na yarda, ɗayan Noes, ban yarda ba. Inda ƙafarka ta bi, nan ƙuri'arka take, ga masu ƙirge a tsaye, ga abokinka yana kallonka. Ba damar ka ce kai ɗan ba-ruwanmu ne alhali kana tsakiyar ƙofa. Zuwana na farko ina ta surutu da wani ɗan Ghana, na bi shi zungui-zungui, sai da na fito na gane na zaɓi abin da na wuni ina suka. Har yau bai bar tsokanata ba.

Ta wannan ƙofar ce a 1933 ɗalibai 275 suka ce ba za su yi yaƙi don sarki da ƙasa ba, 153 suka ƙi amincewa da hakan, jaridu suka yi wa ɗaliban ca. A 1964 Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatan Amurka, ya tsaya a zauren nan. Ni dai wanda ya ja hankalina tun ina Kano shi ne jawabin Shashi Tharoor na Indiya a 2015, inda ya ce Birtaniya ta biya diyyar mulkin mallaka. Ina kallo a waya ina tuna 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato. A garin Turawan, a zaurensu, Tharoor ya faɗi haka, kuma ɓangarensa ne ya yi nasara, wallahi.

To, layi ya motsa, bari in kashe waya. In na fito zan faɗa muku ta ina na bi, yau kam idona biyu.