Ƙa'idar rubutu da ladabin gyara a tsakanin marubutanmu

Jama'a masu sauraronmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da duk inda wannan murya take kaiwa, assalamu alaikum.

Yanzu labarin Hausa ba ya jiran maɗaba'a. Marubuciya tana zaune a ɗakinta a Kano ko Gusau ko nan Legas, ta rubuta babi guda a wayarta, ta sake shi a WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar ya isa hannun uwargida a Ijora da ɗan gwari a Mile 12. Ina cikin masu murna da wannan, domin mutanen da suka daɗe rabonsu da littafi sun dawo karatu. Abin da yake damuna shi ne irin rubutun da ake zubo musu, da kuma rigimar da take tashi duk lokacin da wani ya ce a gyara.

Ku duba abin da ke cikin wayoyinku. Za ku tarar an sa harafin x a gurbin z, an sa q a gurbin ƙ, an liƙa h a ƙarshen kalmar da ba ta da ita don ado. Amma babbar matsalar ita ce haɗewa da rabewa. Wanda yake nufin "ya ji daɗi", in ya haɗa ya da ji wuri guda, to yaji ya rubuta, na zubawa a tsire. Wanda ya jefar da lanƙwasar ƙ a "labari ya ƙare", ya kawo kare cikin maganar. Mu da aikinmu shi ne karanta saƙonnin jama'a a gaban makirfo mun san wahalar. Ka taho da jimla a guje, sai harshe ya sarƙe, ka koma baya ka lalubo abin da mai saƙon yake nufi.

Wani zai ce ai ana ganewa. Ana ganewa, amma da ƙyar, kuma akwai dalili. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne, mai karatu ne yake rarrabewa da hankalinsa. An riga an ɗora masa wannan nauyi. 'Yan alamomin da suka rage don taimaka masa su ne lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, da tazarar da ke tsakanin kalmomi. In muka zubar da su ma, me muka bar masa?

Kuma ƙa'idojin nan ba a rana ɗaya aka yi su ba. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, haruffa masu lanƙwasa suka shigo, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma da ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta kai su birni da ƙauye. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Malamai ne suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan wannan aiki, don Bahaushen Damagaram ya karanta wasiƙar Bahaushen Agege ba tare da tafinta ba.

Mu mazauna Legas abin ya fi shafarmu. Yaro a Katsina yana da malamin Hausa a aji, in ya ga kuskure a waya akwai inda zai ga daidai. Yaronmu a nan fa? Yana tashi da Yarbanci da Turancin Buroka a bakinsa, a makaranta Turanci ne da Yarbanci, musamman tun da jihar ta yi dokar wajabta koyar da Yarbanci a 2018. Ban ga laifinsu ba, harshensu suke karewa, kuma ku lura da yadda malamansu suke tsayawa a kan ɗige-ɗigen ƙarƙashin haruffa da alamomin sauti. Amma sakamakon shi ne, 'ya'yanmu da yawa ba su da wani malamin rubutun Hausa sai labarin da suke gani a wayar uwarsu ko yayarsu. Duk abin da marubuciya ta rubuta, shi ne daidai a wurinsu.

To sai batun gyara, inda nake ganin ɓangarorin biyu duk suna da laifi. Akwai mai gyaran da ba gyaran ne ya dame shi ba. Yarinya ta kwana tana rubutu, sai ya tsallake labarin gaba ɗaya, ya tsinto kalma ɗaya, ya baje ta a gaban jama'a yana tambaya ko ta taɓa shiga aji. Wannan tozarci ne, kuma yana kashe zuciyar masu tasowa. Musuluncinmu ya koya mana nasiha a keɓe ake yin ta. Ka bi ta asirce, ka fara da abin da ya burge ka, sannan ka ce, 'yar'uwa, "za mu" rabewa ake yi, "motarsa" kuwa haɗewa. Haka nan a daina yi wa karin harshe dariya. In Basakkwace ya sa tsohuwa a labarinsa tana magana da Sakkwatanci, gwaninta ce. Daidaitacciyar Hausa an gina ta a kan karin Kano don a samu abin haɗuwa, ba a ce sauran ba Hausa ba ne.

Akwai kuma marubucin da ba a isa a taɓa shi ba. Da an nuna masa kuskure sai ya ce hassada ce, magoya bayansa su yi wa mai gyaran ca da zagi har ya yi da-na-sanin buɗe baki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan littafinsa, haƙƙinsu ne ya ba su rubutu mai tsafta. Wayar da ke hannunsa tana da allon rubutu na Hausa, ya shiga saiti ya ɗora shi, haruffan nan duk suna ciki. Kafin ya saki babi, ya karanta shi a bayyane da bakinsa, duk inda harshensa ya yi tuntuɓe akwai abin dubawa.

Ina kira ga ƙungiyoyin marubuta su ware mutum ɗaya ko biyu da suka san ƙa'ida, su riƙa duba rubutun 'ya'yansu kafin ya fita. A nan gida kuma, sarakunan Hausawa da masu Islamiyyu a Agege da Idi-Araba suna iya ware awa ɗaya ranar Asabar, a samo malami ya koya wa yara haruffan nan da inda ake raba kalma. Ɗalibanmu da suka karanci Hausa a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello suka zo bautar ƙasa ko neman aiki suna nan cikinmu, kuma allo da alli kaɗai aikin yake buƙata.