Audacity: me ya sa akwatin ke ɓacewa in an danna Get Noise Profile?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi ɗaya ke ta yawo kwanan nan tsakanin masu naɗar karatu da masu tallar rediyo a nan Katsina: wai wurin cire ƙara na Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta, ya lalace, ana danna maɓalli sai akwatin ya ɓace, gurnanin janareta kuma yana nan daram. Lafiyarsa ƙalau. Aikin hawa biyu ne, mutane a na farko suke tsayawa.

Ku buɗe naɗin a Audacity. Ku duba inda layin sautin ya kwanta kafin malam ya fara magana. Babu murya, sai fanka da janareta. Wannan guntun kaɗai za ku ja ku zaɓa, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Sai Effect, Noise Removal and Repair, Noise Reduction. Ku danna Get Noise Profile.

Ya ɓace, ko? To haka aka gina shi. Bai cire komai ba tukuna, saurare kawai ya yi, ya haddace irin ƙarar da kuka nuna masa. Gaskiya masu manhajar sun yi rowa a nan, kyauta suke ba da ita amma ko ɗan saƙon "na ɗauka" babu.

Ɓarnar da ta fi yawa ita ce mutum ya zaɓi naɗin gaba ɗaya, sannan ya danna maɓallin. Ya gaya wa kwamfuta ke nan cewa muryar malam ita ce ƙarar. Ku saurari abin da ke fitowa. Kun ji? Kamar daga cikin randa yake magana. Ko numfashi ko tari ya shiga guntun da kuka zaɓa, zai taɓa muryar. Ku sa abin kunne, ku sake sauraren guntun kafin ku danna. Shi ya sa duk mai naɗa ya kamata ya bar daƙiƙa biyar shiru kafin a buɗe baki, makirufo a kunne, janareta na aiki.

Hawa na biyu. Ctrl da A, komai ya zaɓu. Ku koma Noise Reduction, amma kada hannu ya sake kaiwa kan Get Noise Profile, zai goge samfurin ƙarar da ya haddace da farko. Lambobi uku na ƙasa: Noise reduction 12, Sensitivity 6, Frequency smoothing 3. In kuka haura 20 a na farkon, muryar kan fara ƙarar ƙarfe.

Ga abin da kusan kowa ke tsallakewa: Residue. Ku zaɓe shi, ku danna Preview, za ku ji abin da za a zubar. In kalmomi na fitowa a ciki, ku rage Sensitivity. Ku bar Residue ku koma Reduce kafin OK, in ba haka ba ƙarar zalla za ku adana.

Hon ɗin ɗan keke a Ƙofar Ƙaura, ko carar zakaran maƙwabta, wannan ba aikin Noise Reduction ba ne, ƙara mai ɗorewa kawai ya iya. Gurnanin wutar lantarki kuwa Notch Filter, shi ma a ƙarƙashin Effect, ne maganinsa, ku sa 50 a wurin Frequency, don wutar Najeriya a kan 50 take kaɗawa. In kun rufe Audacity samfurin ya tafi, sai an ɗauki sabo.

Wajen fitarwa, File, Export Audio, MP3. Save Project fayil ɗin aup3 yake bayarwa, wanda kuka tura wa ta WhatsApp ba zai iya kunna shi a waya ba.