Sharhi: Daga Ajiye Biro Zuwa Ci da Kai

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya waiwayi shekarun nan da ke salwanta tsakanin ranar da matashi ya rubuta takardarsa ta ƙarshe ta WAEC ko NECO da ranar da ya fara ci da guminsa.

A ƙauyukan Kura, Bunkure, Auyo da Kafin Hausa, abin da ya fi tsayar da yaro shi ne kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Ɗaya ya kuɓuce, sai a ce ya jira baɗi. Baɗi ta zo, babu kuɗin sake rajista. Wani kuma ya ci, amma sunan da ke NIN ɗinsa ya saɓa da na makaranta, alhali tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da wannan lamba. Harafi ɗaya kan ci wa yaro shekara guda. Cikin wannan jira ne ake ficewa ci-rani Legas ko Abuja, a yi acaba, a dawo da damina ba sana'a ba takarda.

Abin da ke ci mana rai, aikin yana nan a ƙofar gida. Fadamun Kadawa da kwarin Haɗeja cike suke da injinan ban-ruwa masu inci biyu da inci uku, kuma ciwonsu sananne ne: kabureta ta toshe saboda dattin fetur, fulogi ya yi baƙi, ko sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo a famfon, ya ƙone don an tayar da injin ba a cika cikinsa da ruwa ba. Manomin da tumatirinsa ya fara yaushi ba ya tsayawa dogon ciniki da mai gyara. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma, manoma sun fara komawa famfon sola, ga masu iya haɗa shi ba su da yawa a karkara.

To me ya sa koyon sana'ar ke wargajewa? Uba ya kai yaro wurin ubangida da baki kawai, ba a tsayar da shekarun da zai yi ba, ba a ce ga abin da zai iya kafin a yaye shi ba. Yaro ya shekara biyu yana wankin sifana da sayo abinci, ya gaji ya gudu. Wanda ya daure kuma, a yaye shi ba ko akwatin kayan aiki.

Shawararmu ga iyaye: a fara tun hutun aji uku na ƙaramar sakandare, ba sai sakamako ya fito ba. A yi yarjejeniyar a gaban mai unguwa, a rubuta. Idan hannun yaro ya faɗa, a kai shi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ke farawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, domin takardar gwajin ita ce shaidar da kamfani zai nema.

'Yan mata ma haka. Wadda ta iya turara shinkafa ko sarrafa gyaɗa kafin a kai ta ɗaki, ta kuma iya rubuta abin da ta kashe da abin da ya shigo, ba za a cinye mata jari a cefane tun watan farko ba.