Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Gidaje na Gwamnatin Wales, a Taron Cika Shekara 60 da Nutsar da Ƙauyen Capel Celyn

Mai girma Minista, shugabannin coci, iyayenmu maza da mata, jama'ar yankinmu na Penllyn, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Daga Cardiff, babban birnin Wales, zuwa nan garin Bala tafiya ce mai nisa a kan duwatsu, kuma ba kowane babba ke yin ta ba. Kai ka zo da ƙafarka, ba ka aiko wakili ba. Mun san ƙwazonka, mun san kana sauraren talaka, kuma mun gode.

Ba za mu ɓoye maka abin da ke ranmu ba sai ƙarshen jawabi. Gidaje muke nema domin 'ya'yanmu. Takardar da kwamitinmu ya shirya, ta neman tallafin sayen fili da gina gidajen haya masu sauƙin kuɗi ga 'yan asalin yankin nan, tana gabanka a kan tebur.

Ƙasar da ka tako ba ƙaramar ƙasa ba ce. Nan garin Mary Jones ta iso a 1800, yarinya 'yar shekara 15, bayan tafiyar mil kusan 26 a ƙafa, don ta sayi Littafi Mai Tsarki da harshenta na Welsh wajen malamin coci Thomas Charles. Daga yankin nan Michael D. Jones ya fito, wanda ya jagoranci kafa matsugunin mutanenmu a Patagonia ta ƙasar Ajantina a 1865. Har gobe, in ka shiga kasuwar tumaki, da harshen Welsh ake ciniki.

Amma 1965 ce ta tara mu yau. Birnin Liverpool ya so ruwa, sai ya kai ƙudurinsa na gina madatsar da za ta nutsar da ƙauyen Capel Celyn kai tsaye majalisar Landan don kada ya nemi izinin ƙananan hukumominmu. A Nuwamban 1956 mutanen Capel Celyn suka je Liverpool da yaransu, riƙe da kwalaye, suna roƙon a bar musu gidajensu, aka tarbe su da zagi. A 1957 doka ta wuce. 'Yan majalisa 36 ke wakiltar Wales a lokacin, ko ɗaya bai jefa mata ƙuri'ar amincewa ba, amma hakan bai hana komai ba. Mutum 48 suka rasa muhalli, eka 800 ta shiga ruwa. Aka rushe makaranta, da ɗakin ibada, da gidan waya. Wasu iyalai suka tono mamatansu suka sake musu makwanci, sauran suna can ƙarƙashin tafkin. Ran 21 ga Oktoban 1965 da manyan Liverpool suka zo buɗe madatsar, masu zanga-zanga suka yanke wayar lasifika, ihun jama'a ya danne jawabai, aka tashi biki ba shiri. Sai a 2005 Liverpool ta nemi gafara, bayan da yawa daga waɗanda aka zalunta sun riga mu gidan gaskiya.

Dattawan da ke jerin gaba, wasunsu a ajin makarantar nan suke lokacin da aka rufe ta a 1963. Ka dube su da kyau, ranka ya daɗe. Gwamnatin da kake wa aiki tana cikin abin da hawayensu ya haifa, domin tun daga ranar mutanen Wales suka ƙudura cewa ba za a sake yanke musu hukunci daga nesa ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yau ba madatsa muke tsoro ba, tsadar gida ce ke kwashe mana mutane. Ka zagaya ƙauyukanmu da daren hunturu, za ka ga gidaje a jere babu fitila, a bakin kowace ƙofa an liƙa ɗan akwatin makulli mai lambobi don masu zuwa hutu. Saurayi da matarsa kuwa suna kwana a ɗan ɗaki mai taya bayan gonar mahaifinsa, har su gaji su tafi Wrexham ko Ingila. Suna tafiya da yaran da za su cika mana aji. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh sun ragu zuwa kusan 538,000, gwamnatinku kuma tana son su kai miliyan ɗaya kafin 2050. Ina za a same su, in ƙauyukan da ke shayar da harshen sun zama kango? Mun yaba da ƙarin harajin da aka ɗora wa gidajen hutu a gundumarmu ta Gwynedd, amma haraji kaɗai bai ba kowa ɗakin kwana ba.

Muna da wasu buƙatu, kamar ƙarin motocin bas da yamma da kula da ɗakin tunawa na bakin tafki. Waɗannan za su iya jira. Gidajen ne ba za su jira ba.

Muna roƙonka, don girman Allah, ka karanta takardar da kanka, ka ba mu amsa kafin a rufe kasafin kuɗin bana. Filin yana nan, mai shi ya yarda ya sayar mana, kuma bayan shayi muna so mu kai ka ka gani da idonka.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Shirya Taro, a madadin al'ummar Penllyn