Kafin Ka Kai Fayil Maɗaba'a: Lacca Ga Masu Zanen Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu sana'ar zane a kwamfuta, da ɗalibai masu koyo, barkanku da zuwa.

Injin bugu bai san abin da kake gani a allon kwamfutarka ba. Abin da ke cikin fayil shi zai zuba a takarda, kuma da zarar an fitar da faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora zanen a kai a saka a inji, kuɗi ya riga ya tafi. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai zane da mai maɗaba'a daga nan take tasowa, don haka bari mu bi fayil ɗin tun daga buɗe shi.

Mu fara da launi. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin ofset kuwa, wato injin maɗaba'a mai bugu da faranti, tawada huɗu yake da ita, CMYK: C shuɗi mai haske, M ja mai kama da ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi, kowace da farantinta. Launukan da haske ke iya nunawa sun fi waɗanda tawada ke iya fitarwa yawa, shi ya sa kore mai ƙyalli yake fitowa a dushe. Shuɗi ya fi ba mutane wahala: in ka sa C100 da M100, wato kowace tawada kashi 100 cikin 100, a allo shuɗi ne, a takarda sai ya karkata zuwa shunayya. Sauko da M zuwa 70 ko ƙasa da haka. Kuma ka buɗe aikin a CMYK tun farko, kada ka bari sai ka gama sannan ka juya.

Baƙi kuma iri biyu ne, a nan nake so mu ɗan daɗe. Ƙananan rubutu, irin na cikin littafi ko lambar waya a katin kasuwanci, a yi shi da K100 kaɗai, sauran ukun sifili. Dalili shi ne takarda tana bi ta ƙarƙashin faranti huɗu ɗaya bayan ɗaya, in ta ɗan goce ko da kaurin gashi ne, rubutun da aka haɗa da tawada huɗu zai fito da inuwar ja ko shuɗi a gefensa, ido ya gaji da karatu. Amma babban fili baƙi, kamar bangon littafi, K100 kaɗai kan fito kamar toka mai duhu. A nan sai a haɗa C60, M40, Y40, K100. Jimilla 240 ke nan. Kada jimillar tawada ta wuce 300 a takarda mai sheƙi, a farar takarda mai shan tawada kuma a tsaya wajen 260. In ta wuce, ba ta bushewa da wuri, sai ta ɓata bayan takardar da ta faɗo a kanta. Wani abu da ke ɓoye: in farin rubutu yana ɗauke da umarnin hawa kan launin da ke ƙarƙashinsa, a allo za ka gan shi, a takarda babu shi sam, domin injin ba shi da farar tawada.

Sai rarar yanka, wadda 'yan maɗaba'a ke kira bilid. Wuƙar yanka tana sara takardu ɗaruruwa a lokaci guda, ba ta faɗawa daidai kan layi kullum. Duk launi ko hoton da ya kai bakin takarda, a ja shi ya wuce da milimita 3 ta kowane gefe. Takardar A4 milimita 210 da 297 ce, fayil ɗinta sai ya zama 216 da 303. In babu wannan rarar, farin zare zai bayyana a gefe. Ta ciki kuma, rubutu da tambari su ja baya daga bakin yanka da milimita 3 zuwa 5.

Hoto yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga shi. Cikakken shafin A4 na buƙatar fiksel, wato ɗigon da ke haɗa hoto a kwamfuta, 2480 da 3508. Hoton da faɗinsa fiksel 1000 ne, iyakarsa kusan santimita 8 da rabi. Rubuta 300 a Photoshop kan ƙaramin hoto ba ya ƙara masa komai. Kuma ku roƙi abokan cinikinku su turo hoto ta WhatsApp a matsayin takarda, domin in aka tura shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi. Babbar bana da ake kallo daga nesa ita ce ke da sauƙi, ɗigo 100 ya wadatar.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Ba kowane salon rubutu ne ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. In babu su, manhajar kan aro su daga wani salon a ɓoye, sai ka ga ƙugiyar ta fi sauran haruffa siranta, ko kuma a kwamfutar maɗaba'a ta koma akwati. Kalmar "ƙasa" ta rasa harafinta na farko a kwafi dubu biyar, wannan asara ce da ke ɓata wa harshenmu suna, ba wa mai zane kaɗai ba. Ajami da Larabci ma haka: manhajar da ba a saita ta ba takan tsinke haruffan ko ta jera su daga hagu. Ka gwada haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, kafin ka zaɓi salo. In an gama gyaran rubutu, a mayar da shi zane, wato haruffan su zama siffofin da ba sa buƙatar salon rubutu. A CorelDRAW Ctrl da Q ne. Sai dai ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, don bayan haka ba a iya gyara ko da wasali ɗaya.

Ɗan littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya, shafukansa su rabu huɗu-huɗu: 8, 12, 16, 20. Ka tura su a jere ɗai-ɗai, ka bar wa maɗaba'a aikin haɗa su a faranti.

Wajen fitar da fayil, nau'in PDF da ake kira PDF/X-1a ya fi aminci ga tsofaffin injuna, domin yana tilasta CMYK kuma yana shigar da salon rubutu cikin fayil. Maɗaba'ar da ke da sabbin kayan aiki na iya neman PDF/X-4. Ka tambaye su tun kafin ka fara. Bayan ka fitar, buɗe PDF ɗin kansa, ka ƙara girmansa zuwa kashi 400, ka duba gefuna da ƙananan rubutu. Sannan a buga samfuri guda a ainihin girmansa, mai aikin ya karanta sunaye da ranaku da lambobin waya, ya sa hannu a kai, kafin a ba da izinin fitar da faranti.

Bismillah, mai tambaya ya ɗaga hannu.