Shafin da zai buɗe a wayar baduku

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wayar da ke hannun wannan baduku na Damagaram. Gilashinta ya tsage ta gefe, mega ta kusa ƙarewa, rezo kuma sanda biyu kacal. Wannan waya ita ce alƙalin duk wani maginin shafin intanet a garin nan. In shafi ya buɗe a cikinta, aiki ya yi kyau. In ya tsaya yana ta juyi, sai magini ya koma bakin kwamfuta.

Da abu uku ake ginin. HTML shi ne tubali, shi ke cewa nan take, nan hoto, nan rubutu. CSS shi ne yaɓe da zane, irin wanda kuke gani a bangon gidajen Birni. JavaScript kuwa, wanda aka ƙirƙiro a 1995, shi ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi.

Da can, don faffaɗan allon kwamfuta ake tsara shafuka, mai waya sai dai ya yi ta ja da yatsu biyu. A 2010 wani Ba'amurke, Ethan Marcotte, ya bayyana dabarar shafi ɗaya mai daidaita kansa da kowane allo. Daga 2018 Google ma ya fara auna shafuka da kamanninsu na waya tukuna. Mu nan ba sai an faɗa mana ba, yawancinmu a waya muka fara ganin intanet.

To, ga inda gwaninta take. Badukun nan ya ɗauki hoton jakar fata, nauyinsa mega huɗu. A jera goma irinsa a shafi, mega arba'in ke nan, mai saye ya gudu tun bai ga ɗinki ba. Magini sai ya rage faɗin hoton, ya maida shi WebP, tsarin hoto mara nauyi, ya sauko ƙasa da kilo ɗari, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na mega ba, kuma jan fatar da koren zaren suna nan raɗau. Sannan ya hana hotunan ƙasa saukowa sai an gangaro kansu. Maɓallin kira kuma ya yi shi da girma, yadda babban yatsan mai riƙe da basilla zai same shi ba kuskure. Ni dai a wurina wannan tausayi ne, domin kowace mega kuɗin wani ce.

Akwai kuma haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. In ba a sa shafi a UTF-8, tsarin adana rubutu mai ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, da zubin harafin da ya san su ba, sai ƙofa ta fito da ɗan akwati a gaba. Magini na gari ba ya barin wannan ya wuce.

Ta ina ake shiga sana'ar? Wasu daga Jami'ar André Salifou, wasu da darussan kyauta na intanet, cikin dare lokacin da rezo ya saki. Aikin farko yawanci na ɗan'uwa ne, shagon kawu ko makarantar unguwa, ladan bai taka kara ya karya ba. Amma shi za ka nuna wa mai ba ka aiki na biyu. Kafin ka miƙa shi, ari tsohuwar wayar ƙanenka, ka shiga Kasuwar Dole da rana tsaka, ka buɗe shafin a can, ka ƙirga daƙiƙoƙi.