Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Masanin Na'urorin Hangen Sararin Samaniya

Assalamu alaikum.

Mai girma Farfesa, babban baƙonmu, a madadin malamai da ɗaliban sashen Fiziks ina yi maka lale marhabin. Sannu da hanya, barka da sauka.

Jama'a, aikin baƙon namu a kan wata 'yar na'urar gano hasken X-ray da na gamma yake, wadda faɗinta bai fi farcen babban yatsa ba. Hasken X-ray da na gamma da ke fitowa daga rana da taurari ba sa iso mu, iskar da ta lulluɓe duniya ce ke shanye su. Dole sai an harba na'ura sama, kuma a can kowane giram kuɗi ne. Shi ya sa masana suka koma ga sinadarin cadmium telluride. Idan ƙwayar haske ta faɗa cikinsa sai ta saki cajin lantarki, ƙananan gurabun da aka rarraba a jikinsa su kama, a san inda ta sauka, da ƙarfinta, da lokacin da ta zo. A cikin sauran sinadaran da ake wannan aiki da su, silikon yakan bar haske mai tsananin ƙarfi ya ratsa shi ya wuce, jamaniyom kuma sai an sanyaya shi matuƙa. Cadmium telluride kuwa matsakaicin sanyi ya ishe shi.

An ga amfaninsa a tauraron INTEGRAL da aka harba a 2002, wanda kyamararsa ta ISGRI ke da gurabu 16,384. Daga baya hukumar CEA ta Faransa ta haɗe sinadarin da na'urar karanta shi a ƙunshi ɗaya mai suna Caliste. Guda 32 daga cikinsu suna cikin na'urar STIX ta kumbon Solar Orbiter, wanda ya tashi a Fabrairun 2020, suna lura da aman wutar rana.

Ranka ya daɗe, wannan aman wutar ya shafe mu kai tsaye. Shi ke dagula saman iskar duniya har rediyon gajeren zango ya ɗauke, shi kuma GPS ya riƙa kuskure. Mu kuwa al'umma ce da ta daɗe da riƙon rediyo.

Roƙonmu shi ne ka nuna wa ɗalibanmu yadda ake sarrafa bayanan STIX, tunda a buɗe suke ga kowa a intanet. Muna da yara masu kaifin basira da kwamfuta a hannu, jagora suke nema.

Bismillah Farfesa, fili naka ne.